Jirgin da Ya Fi Sauri a Hanyar Gida

Ranar da tikitin Umarata ya fito, a majalisarmu na baje shi kan tabarma. Tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 1 na rana, sauka Jidda 7 da rabi na dare. Dawowa kuwa, tashi 9 na safe, sauka Kano 11 da rabi. Na ƙirga da yatsu: zuwa awa 6 da rabi, dawowa awa 2 da rabi.

Aka yi ta mamaki. Ni da ban taɓa hawa jirgi ba na gyara zaman hula na ce, "Ai gabas tudu ce, dawowa gangara. Kuma ko jaki in ya fuskanci gida, ba ya buƙatar sanda." Har shayi aka saya mini saboda wannan ilimi.

Uwargida ta haɗa mini guzurin awa 6 da rabi, dambun nama har da cincin. Muka tashi. Agogon hannuna na nuna 5 da 'yan mintuna sai na ji jirgi yana yin ƙasa, kunnuwana suka toshe. Saura awa 2 cur! Na ce shi ke nan, inji ya mutu, a Sudan za mu faɗi. Na ɗaga murya da salati, na fara yafe wa waɗanda nake bi bashi, suna bayan suna.

Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke kusa da ni ta leƙo taga ta ce, "Malam, lafiya? Ga Bahar Maliya, ga fitilun Jidda can."

"Hajiya, ai da sauran awa 2."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ita ta warware mini: tsakanin Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa 4 da rabi zuwa 5, ko zuwa ko dawowa. Rana tana riga fitowa a can, don haka agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, kuma kowane lokaci a tikiti na garin da aka rubuta ne. Na yi tsit, ina tunanin yadda zan janye yafiyar bashin nan.

Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. Ranar dawowa na sake duba tikiti, ido ya ga awa 2 da rabi, karatun Hajiya ya bi iska. Na ɗirki shayi kofi 3 da gorar ruwa, na ce fitsari sai a gida. Aka ba ni kujerar taga, wasu ƙarti 2 suka tare hanya suna minshari. Awa 4 da rabi na yi ina mutsu-mutsu, ina tuna kakanninmu da suka keta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekaru suka yi kafin su ga teku, ni ga shi mafitsara ta gagare ni.

'Yan majalisa har yau suna tambayata labarin gangara. Kai mai shirin tafiya, kafin ka yi wa jama'a fatawa a kan tikiti, tambayi ƙarfe nawa ne a garin da za ka sauka.