Gayyar Raya Daji: Kowa Da Irin Tasa Gudummawar

Duk garin da ya ƙudura mayar da fako daji, don a samu inuwa da wurin shan iska, zai ga mutane kala-kala. A Nijar, inda ake bikin dashen itatuwa ran 3 ga Agusta tun 1975, an san su ciki da bai.

Na farko Sarkin Shawara. Shi ke riga kowa zuwa, cikin babbar riga ta sha sitaci. Bai taɓa riƙe diga ba, amma ya san zurfin kowane rami: "Kai yaro, ƙara kamu ɗaya!" Da rana ta take sai ya tuna yana da ɗaurin aure.

Sai Mai Hoto. Itace ɗaya yake dasawa, amma sau biyar. Ya saka, a ɗauka, ya ce fuskarsa ba ta fito ba, ya tuge ya sake. Kafin la'asar itacen ya shiga Facebook, kafin Juma'a ya bushe, domin ko ledar bai yage ba.

Akwai Malam Nawa-ne. Ya ji labarin ganuwar itatuwan nan da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, ya tabbata daloli na tafe. Aka ce masa aikin sa kai ne. Ya ce, "To, ko na mota babu?" Alhali ƙofar gidansa na kallon filin.

Masoyin Dalbejiya kuwa, a wurinsa duk abin da ba dalbejiya ba ciyawa ce. Ka ambaci aduwa ko magarya ya taɓe baki. Ka ce masa daga Indiya aka kawo ta, sai ya daina gaishe ka.

Mai Akuya ba ya fashin taro. Shi ke ɗaga murya a kan a hukunta masu sakin dabbobi. Da asuba kuma akuyoyinsa bakwai ke zagayen duba aiki, kuma ba sa barin ganye ko ɗaya bai sha bincike ba.

Hajiya Mai Kunu ita ce ainihin shugabar kwamiti. Ranar da ba ta dama ba, rabin masu kishin muhalli ba su da lafiya.

Na ƙarshe Baba Mai Wuƙa. Bai zo da dashe ba, bai yi jawabi ba. Yakan tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara da kowa ya ɗauka matacce ne, ya zaɓi tofo uku ko huɗu masu ƙarfi, ya datse sauran, ya bar wa tsohuwar saiwa aikinta. Wannan shi ne sassaben zamani, dabarar da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983. Da ita manoma irin Baba suka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, har da gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana.

Mai son sanin 'yan gayyar gaskiya, kada ya ƙirga kawuna ranar dashe. Ya kira taron ban ruwa a watan Afrilu, da azahar, ya kuma sanar cewa Hajiya ta yi tafiya.