Fatalwar da Ta Yi Aure a Jazira

'Yanmatan Maiurno sun samu sabuwar sana'a. Da an kawo wuta waya ta cika, sai su duƙufa kan littattafan soyayyar da ake turowa daga Kano ta WhatsApp, irin waɗanda saurayi ke mutuwa a babi na uku ya dawo a babi na bakwai yana ƙamshin turare. Budurwar ta kori duk manema, wai kabari ba ya raba masoya. Dattawa kuwa na gindin darbejiya suna tsaki, wai ƙarya ce tsagwaronta, wanda ya tafi ya tafi.

Baba, a gafarce ni, amma ku ne bai kamata ku ƙaryata fatalwa ba. Kakanninmu su ne fatalwar ƙasar Hausa.

Kowa ya san labarin da ake bayarwa a Kano da Katsina: wane ya rasu, bayan shekaru wani falke ya gan shi a gari mai nisa, ya kafa sana'a, ga mata ga 'ya'ya. Maƙwabtanmu Larabawa ma suna da nasu, ba'ati, mai tashi daga kabari yana magana ta hanci. To, a duba yadda muka zo nan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka yada zango a bakin kogi kusa da Sinnar, wato nan Maiurno. Ayarin mahajjata ya yi ta biyo sawu, wasu a ƙafa, wasu a kan jaki. Mutum ya yi sallama da maiɗakinsa, ya ce shekara biyu zai yi. Ya iso nan guzuri ya ƙare, ya tarar an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira na neman hannu ruwa a jallo. Ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya haɗa kuɗin jirgin Jidda. Kaka ɗaya ta haifi goma.

A can gida baiwar Allah ta gaji da leƙen hanya, ta je gaban alƙali. Aka ɗibar mata shekara huɗu kamar yadda Malikiyya ta tanada, ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, ta wanke ta yi aurenta. Littafin Malikiyya ya ce gadon wanda ya ɓata sai an daɗe ana jira, amma ƙanensa bai kai wannan shafin ba, tuni ya shuka gero a gonar. Ana can ana rabon gumbar sadaka, marigayin na nan yana raba goron ɗaurin aurensa na biyu. Ranar da wani ɗan garinsu ya hango shi a kasuwar Madani yana fifita naman agashe, me kuke so ya koma ya faɗa?

Har gobe ka tambayi wasu jikokinsa ko sun zauna ke nan, su ce a'a, muna kan hanya. Wani masani, Bawa Yamba, littafi guda ya rubuta a kansu a 1995. Ba su koma ba, ba su isa ba. In wannan ba zaman fatalwa ba ne, a gaya mini sunansa.

Inda marubutan Kano suka shirga ƙarya shi ne zaton da suke yi za a yi murna da mai dawowa. Mu fa mamaci muke so, amma da sharaɗin ya tsaya inda aka ajiye shi. Mutum zai yi wata biyu a kan gadon angarib yana nishi, babu mai leƙo shi da ko ƙullin sukari. Rai na fita, sai ga rumfa an kafa ta tare titi, sai ga motoci daga Sinja da Damazin da Gadarif. Kwana uku shayi na zagayawa, kisra da ful na shiga suna fita. Wanda ya hana shi rancen kuɗin magani shi ne mai daɗewa da hannu a sama wajen fatiha. Uwargida da amarya, waɗanda shekara ashirin ba su taɓa yarda da juna ko a kan gishirin miya ba, yau bakinsu ɗaya: ba a taɓa yin miji kamarsa ba.

Yanzu a ce ran sadakar uku ya turo ƙofa ya yi sallama. Wa zai ruga ya rungume shi? Ƙanensa zai zagaya ta baya ya ɓoye injin ban-ruwa. Ɗan 'yar'uwarsa zai rasa inda zai sa kansa, don jallabiyar marigayin ce a jikinsa. Amarya, wadda wani ya riga ya fara yi wa gaisuwa fiye da kima, za ta suma, amma ba don so ba. Mutum ɗaya ne zai taho da gudu da hawayen farin ciki na gaske: mai kantin bakin layi, riƙe da littafin bashi.

Don haka ina roƙon marubuciyar da ta dawo da saurayi a babi na bakwai ta daure ta ƙara mana na takwas, inda dangi za su zaunar da shi su ce, tunda Allah Ya dawo da kai, ga lissafin hayar rumfa da buhun sukarin da aka sha a makokinka.