Ajiye Kwalbar Nan, Malam, Pizza Muke Yi

Ka ce me? Wai pizza gurasa ce da ta yi boko? To, ban ƙi taka gaba ɗaya ba. Fulawa, ruwa, gishiri da yis, iyakar abin da mutanen Napoli a Italiya ke zubawa a kwaɓinsu ke nan. Amma in abin banza ne, me ya sa taka ta jiya ta fito kamar faifai, har autanku ya tsoma ta a shayi kafin haƙori ya shige ta?

Ga hannunka can yana lallaɓawa wajen suga da bota da ƙwai. Subhanallahi! Cincin za ka yi mana? Mayar. Fulawa rabin kilo, ruwa mililita 320, gishiri giram 10, yis kuwa kwatan ƙaramin cokali.

Ka ce yis ɗin ya yi kaɗan, ba zai tashi ba? Zai tashi, gaggawarka ce ba za ta bari ba. Kai so kake ka juye sacet guda, minti 30 ya kumbura kamar fanke, sannan ka zo kana ƙorafin warin tsami. Cuɗa shi minti 10, ka rufe, ka sa a firji ya kwana ya wuni. A nan yis ke cin abincinsa a natse, ɗanɗano ya zauna, danƙon alkama ya saki jiki har kwaɓin ya riƙa miƙewa ba gardama. An ɗauke wuta? Na san da wannan za ka kare kanka. Rufe shi da ɗanyen ƙyalle a gefen randa, awa 6 zuwa 8 sun isa a zafin nan namu.

Yanzu kuma me zan gani? Kwalba! Sana'ar da UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2017 kake wa murjin kwalba? Iskar da yis ya kwana yana tarawa ce kake fatattaka. Da 'yan yatsu ake dannawa, daga tsakiya zuwa waje, a bar bakin ya yi tudu.

Ka ce obin ɗinka ne mai laifi? Wannan karon ka kusa gaskiya. Murhun itacen Napoli na wuce digiri 430, cikin daƙiƙa 90 an sauke. Naka da ƙyar yake kai 250. To ƙure shi, ka kifa farantin ƙarfe a ciki ya sha wuta rabin awa, sannan ka ɗora kwaɓin a bayansa. Tunda kai ka kawo zancen gurasa, je ka tambayi mai yin ta a Kano ko ta taɓa manna ta a tanderu mai sanyi. Ka tsaya nesa kaɗan dai kafin ta amsa.

Miyar tumatir kuwa shafawa ake yi sama-sama. Na ga ludayin da ka ɓoye a bayanka.