Aljanin Ƙarfe Goma Sha Biyun Dare

Kawuna yana sayar da masara da wake a Belel, cikin ƙaramar hukumar Maiha, dab da iyakar Kamaru, kuma rabin cinikinsa bashi ne. Ranar da ruwan sama ya jiƙe littafinsa har sunayen masu bashi suka narke, sai ya ce tunda na yi karatun kwamfuta a Mubi, in zuba masa lissafin a waya. Ni da wani abokina da ke Yola muka haɗa 'yar manhaja a kan SQLite, rumbun bayanan nan da Richard Hipp ya fitar a 2000, wanda yau yake kwance a cikin kowace wayar Android.

Kafin mu miƙa masa, muka rubuta gwaje-gwaje. Ɗaya daga ciki ko yaro zai gane shi: a shigar da buhu guda, a tambayi cinikin yau, amsa ta fito buhu guda. A na'urar Linux da abokina ya yi haya a Turai, kore shar. A kwamfutata mai Windows, ja wur, wai cinikin yau sifili.

"Mutumina, a wajena fa lafiya lau yake," in ji shi, da muryar wanda ya ci ya ƙoshi.

Abin haushi, in na buɗe da rana don in kafa shaida, sai gwajin ya wuce sumul. Sai dare ya tsala, lokacin da data ta fi arha kuma sabis ya fi zama, sannan ya faɗi.

Na fara kama waɗanda aka saba zargi. Windows tana rufe layi da alama biyu, Linux da guda. Na daidaita, shiru. SQLite ba ta san ɗ da Ɗ harafi ɗaya ba ne, don na Turanci kaɗai take haɗa babba da ƙarami. Na kori duk mai ƙugiya a sunansa daga bayanan gwaji, shiru. Na hau mota zuwa Mubi, mai gyara ya hure ƙurar fanka, ya ce bairos ne, ya karɓi kuɗinsa. Inna kuwa ba ta wahalar da kanta ba. Ta ce abin da ba ya fitowa sai tsakar dare ai sunansa sananne ne, ta turara min ɗaki har fankar da aka share ta koma tari.

Wani dare ina ta danna gwajin don taurin kai kawai, ban taɓa ko harafi ba, sai ga kore. Na dubi agogo: ƙarfe ɗaya daidai.

Ashe manhajar tana buga wa ciniki kwanan watan agogon na'ura, ita kuwa SQLite in ka ce mata date('now') da agogon UTC take amsawa. Najeriya tana gaban UTC da awa guda. Daga sha biyun dare zuwa ɗaya, Belel ta shiga Talata, rumbun yana nan zaune a Litinin, yana neman buhun Talata cikin cinikin Litinin. Na'urar abokina a kan UTC aka saita ta, agogonta biyu ba su taɓa saɓawa ba, shi ya sa yake barci da munshari. Muka ƙara 'localtime' a tambayar, muka kafe agogon gwajin a sha biyu da rabi don kowace na'ura ta ɗanɗana.

Da safe na je rumfa ina taƙama, na warware wa Kawu zancen tiryan-tiryan. Ya saurara yana auna wake.

"Yanzu kai ɗana, wane mahaukaci ne ke sayen masara ƙarfe goma sha biyun dare?"

Na ce babu, Kawu.

Ya share bakin mudu, ya yi ƙasa da murya. "Amma da ba ku gyara ba, bashin da aka ci a wannan awar ba ya fitowa a lissafi?"

Na ce sai ƙarfe ɗaya ta buga.

"To kada in ji wannan magana a kasuwa. Akwai mutum uku da za su fara zuwa da tocila."