Ashana Kwali Guda, Surutu Buhu Goma

Na ji ku, masu cewa duk magidancin da ya ajiye sabulu sanda biyar da ashana kwali guda a ɗakin uwargida shago ya buɗe, allo ne kawai bai kafa ba. Wasunku har da fatawa, wai rashin tawakkali ne. To Malam, kai da ka garƙama wa ƙofar gidanka kwaɗo biyu, naka tawakkalin a wane aljihu yake?

Ku mutanen Fagge kuna da bakin faɗin haka, tunda kasuwar Singa na bayan gidanku. Mu a Kongolam muna ƙasar Daura, muna hangen Ɗan Barto ta Nijar, kuma abin da za a samu a kanti ba mai kanti ke yanke shi ba. A Agustan 2019 aka wayi gari boda a rufe, alhali shugaban ƙasar da ya rufe ta ɗan Daura ne. Shekarar ba ta ƙare ba aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa a bakinta muke kwana. Farkon 2023 takardun naira suka yi ɓatan dabo, mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen ɗanɗanon miya. A Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yamai, aka sake datse hanya har Maris 2024. Wanne a ciki ya tambayi abin da ya rage a madafarku kafin ya zo?

A lokacin ne 'ya'yan masu dariya na garinmu suka san hanyar gidanmu. Bayan isha'i sai ka ji sallama: "Wai in ji Mama, a sam mata gishiri." Mun sam mata, ba mu ce komai ba. Yau ne nake cewa.

Kada kuma ku haɗa ni da masu ɓoye kaya, su tsada suke jira su sayar. Ni ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa, in aljihu ya yi rara, sai in ƙaro kwanon gishiri, kanwa, daddawa da batirin tocila. Wake a jarka a toshe baki saboda ƙwari, gishiri a abu mai murfi don laimar damina. Sabulu kuwa in ya daɗe ya bushe ya fi auki.

Hujjarku mai ɗan nauyi ita ce kaya in sun yi yawa hannu kan buɗe. Ba ku san uwargidana ba. Ba a taɓa na ƙarƙashin gado sai na madafa ya ƙare ƙarƙaf, mabuɗi kuma a bakin zanenta yake. Ni da na saya, sai na yi bayani kafin a ba ni batir.