Masu Adda da Masu Tausayi

Burin kowane tsiro shi ne ya yi iri. Da zarar fure ya yanƙwane ya fara ɗaura ƙwaya, sai tsiron ya tattara ƙarfinsa can, ya daina fitar da sabo. In ka tsinke busasshen sai ya sake yunƙurawa. Shi ya sa kuɓewar da ake tsinka duk bayan kwana biyu ko uku take ta haihuwa, wadda aka bari ta ƙosa kuwa ta yi zamanta. Daga Ƙanƙara har Sabuwa babu mai musun wannan. Wajen riƙon adda ne aka rarrabu.

Akwai Malam Kar-a-taɓa. Zogalensa ya wuce katanga, ya wuce rufin kwano, ganye ya koma can ƙololuwa sai tsuntsaye ke mora. Uwargida na son kwaɗo, sai ta aiki yaro aron gora. Ka ce masa zogale in aka datse shi daidai ƙugu yakan yi rassa, ganye ya dawo inda hannu ke kaiwa, sai ya dube ka kamar ka ce a yanka masa rago kafin Sallah. "Haba, abu mai rai!" Kuɓewarsa ma ta bushe a tsaye, ya ce iri ya bari. Irin da zai ishi Faskari kaf.

Kishiyarsa shi ne wanda in ya wasa adda sai ta ci wani abu. Ya fito rage reshen bedi ɗaya da ya taɓa wayar lantarki, kafin azahar an rasa inuwar alwala. Mangwaro ne ya fi shan wahalarsa, domin a ƙarshen rassa yake fure, lokacin hunturu, daidai sa'ar da gogan naka ya ga "ya yi duhu". Gyaran mangwaro bayan an gama tsinkar 'ya'ya ake yi, amma wa zai faɗa masa alhali addar na hannunsa? Bazara ta zo, ya sayi mangwaro a kasuwa yana cewa bana ƙasa ba ta yi albarka ba.

Ga kuma mai kula da fulawoyin ofis. Shi baƙo ne ke kaɗa masa ƙararrawa. Wata shida ba ruwa ba gyara, ranar da aka ce manya na tafe sai a daddatse komai, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, wadda Ƙanƙara ba ta rasa ba. Furen da ya buɗe da wanda ya mutu duk hukuncinsu ɗaya.

Ɗan boko ya kalli bidiyon wata Baturiya a Ingila, ya sayo almakashi da safar hannu. Yana bin watannin da ta lissafa, ya manta ita sanyi take gudu, shi kuwa rani ne da akuyar maƙwabta ke jiransa.

Maƙwabcin ma nau'i ne mai zaman kansa. Ta kan katanga yake tsinkar zogalenka, kullum sabon toho, ka kama shi ya ce, "Alhaji, ai gyara maka nake." Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ɓangarensa ya fi naka lif-lif.

Ni dai ƙuri'ata na wurin Gwaggo mai lalle a bayan ɗaki. Ba almakashi, ba dogon bayani, farce ne da tsohuwar wuƙa. Ta san reshen da ya gama aikinsa, ta cire shi, ta bar na baya. Irin hannunta manoman Maraɗi suka yi amfani da shi tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya ja hankalinsu ga kututturan da ke toho a gonaki: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Da wannan sassaben zamani aka farfaɗo da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, Rinaudo kuma ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Na ba Malam Kar-a-taɓa wannan labari. Ya saurara tsaf, ya girgiza kai, ya ce, "To su rassan da aka sare, me suka yi?"