Zuwa awa bakwai, dawowa awa uku

Saƙonku ya iso, ku 'yan majalisar gindin darbejiya a Fanisau. Wai na shara ta, da na ce tafiyar jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda awa biyar ce. To, ku gyara zama.

Ikon Allah! Ku da jirgin nan yake ratsa saman gonakinku safe da yamma, har awakinku sun daina ɗaga kai in ya yi ruri, ku ne da musu? Tsakanin Kano da Jidda kilomita 3,400 ne da 'yar ɗoriya, in an miƙe sak. Jirgi kuwa yana lashe sama da 800 a awa guda. Ku ba ɗan firamare alli ya raba muku, sannan a ƙara ɗan lokacin tashi da na sauka.

Na san mai zuga ku. Kawuna ne, Alhaji. Ranar Juma'a ya tare ni, yana washe haƙorin Makka.

"Yaro, ni na je, kai a takarda ka gani. Goman dare muka tashi, biyar na asuba muka sauka. Ƙirga!"

"Ranar dawowa fa, Kawu?"

"Sha biyun rana muka ɗaga, ƙarfe uku muna Kano. Gangare ne, kuma guzuri ya ƙare, jirgi ya yi sakayau."

Allah ya ja da ran Kawu, ina sakayau? Kun tafi da ɗan garin kuka da yaji, kun dawo da dabino, bagaruwa, darduma da akwati har biyu. In nauyi ne, da dawowar ce za ta ja. Agogon Saudiyya ne ke gaba da namu da awa biyu. Biyar ɗin da ka gani a bangon filin Jidda, a Ungogo ukun dare ce, ko zakara bai yi cara ba. Da za ku dawo aka mayar maka da abarka.

Wuri guda zan sassauta muku. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru. Ko a hakan ma, wanda ya hau motar Legas daga Kano yana hanya za ka yi wankan harami. Kakanninmu kuwa a ƙafa suka bi ta Barno da Darfur zuwa Sawakin, shekaru suna tafe, wasu jikokinsu na Sudan har yau.

Ga shawara. Duk wanda Allah ya ba kujera a cikinku, kada ya taɓa agogon hannunsa sai ya sauka. In jirgi ya miƙe hanya ya kai awa bakwai, noman farko na gonar Kawu nawa ne. In bai kai ba, ku wasa fartanyu, tawa tana hanyar Rangaza.